Rasuwar 'Yar Ja a Hannun Batiri Mai Ƙwaya Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai rabu da ƙaurin roba ba, mai koyar da tuƙin nan na hawa na biyu yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa ta wasa mai aiki da rimot, wadda aka fi sani da 'Yar Ja. Ta cika ranar Asabar da yamma a filin ajiye motoci na bayan gida, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai a shanye kofin ruwa ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne a kwali, da sunan kyauta ga 'yarsa. Yarinyar ta riƙe rimot ɗin ranar farko, uban ya karɓa don ya nuna mata yadda ake yi, yana kan nuna mata har ta gama sakandare.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ta san ƙafar kowace kujera a falo. Ta sha kai wa maigidan maganin hawan jini har gaban talabijin, ta kori kyanwar maƙwabta daga baranda, an sha zaro ta daga ƙarƙashin firji da tsintsiya ba ta taɓa ƙorafi ba. Kukanta "zuuu" ne a kan tayil, "gurrr" a kan kafet, sai "ƙwas" idan ta haɗu da idon sawun matar gidan. Duk rayuwarta batirin nikel take ci, mai nauyi kamar bulo, mai jan rai wajen caji, wanda dai bai taɓa tayar wa kowa da hankali ba. Ya dace da mutumin da yake wuni yana cewa "a hankali", ƙafarsa a kan birkin gefen fasinja.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da ƙanin matarsa ya zo ziyara da tasa motar wasan, baƙa, mai batirin litiyam. Aka jera su a fili. Kafin 'Yar Ja ta gama shawarar tashi, baƙar ta taɓo bango ta dawo.

"Yaya, ko ita ma 'yar koyo ce?" in ji ƙanin. "Ai da ka manna mata alama a baya."

Maigidan ya yi dariya tare da kowa, amma ranar bai cinye abincinsa ba. Washegari ya tsallake ɗalibi guda ya tafi shagon kayan wasa. Mai shagon ya ɗora masa batura a kan tebur yana nunawa.

"Wannan irin naka ne, ba gudu, ba rigima. Wannan litiyam ne mai ƙwaya biyu, za ta iya ɗauka, in ka haɗa da cajarsa, kuma ba ka barinsa ya ƙare ƙaf. Mai ƙwaya ukun nan kuwa ya fi ƙarfin injinta."

"Wanne ya fi gudu?"

Mai shagon ya nuna na ukun da haɓa, ya ce ba a dawo da kaya.

A gida batirin ya ƙi shiga mazauninsa. Maigidan ya fafe cikin marigayiya da wuƙar kicin, ya ɗaure shi da robar gashin matarsa, ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa tana faɗin ra'ayinta.

Ranar Asabar ƙanin ya dawo da baƙar motarsa don a sake tsere, maƙwabta suka fito kallo. A cikinsu har da wata ma'aikaciyar jinya, ɗalibarsa, wadda ya daɗe yana yi wa faɗa a kan taka totur. Ya danna rimot. 'Yar Ja ta saki wata ƙara da ba a taɓa jin ta da ita ba, ta ɗaga ƙafafun gaba, ta wuce baƙar motar kamar a ajiye take. Shaidu sun tabbatar marigayiya ce ta ci tseren, kuma iyali na roƙon a riƙa ambaton wannan a duk inda aka yi maganarta. Sai dai da ta isa bango ba ta tsaya ba. Maigidan ya murɗa hagu, ya murɗa dama, yatsansa ya ƙi sakin totur.

"Malam," in ji ma'aikaciyar jinyar a natse, "birki."

Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "fuss". Hayaƙi ya fito mata ta ƙarƙashi, batirin ya kumbura kamar burodi, mai gadi ya kifa musu bokitin yashi. Maigidan ya durƙusa a wurin ya daɗe, har ƙanin ya ɗauke motarsa ya ɓoye a bayansa.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya, tsohuwar caja, tayoyi uku da aka iya tsintowa, da batirin nikel ɗinta na asali, wanda yake kwance a durowa lafiyarsa ƙalau, cike da caji. Ta kuma bar 'yar gidan, wadda da aka sanar da ita ta waya ta ce, "Baba, dama ina jiran layina ne."

Za a sa gawar a kwalin takalmi gobe da hantsi, a raka ta saman kabad ɗin ɗakin kwana, inda za ta huta kusa da tsohuwar rediyo. Wanda ya yi ajalinta ba zai bi ta ba: za a kai shi wurin masu karɓar matattun batura cikin bokitinsa na yashi, don an ce irinsu ko sun mutu ba a jefa su a shara. Ana karɓar gaisuwa a falo bayan an tashi daga aiki. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce "ai sai da aka gaya maka". Matar gidan ta riga ta faɗa a madadin kowa.