Yadda Ake Nuna wa Kwamiti Rokokin da Babu Su

Kai hafsan da ke riƙe da makullin rumbun makamai, kwantar da hankalinka. Na san 'yan kwamitin sa ido na tafe ganin rokokin fasa tankar yaƙi da aka ce an sayo, na kuma san kuɗin tuni sun zama bene a bayan gari. Bi matakan nan. In ba su tafi suna sa maka albarka ba, ka zo ka tsine mini.

1. Cika akwatunan

Yashi ya fi. Duwatsu suna ƙara in an jijjiga. A shafa koren fenti, amma don Allah a bari ya bushe. Wani abokin aikinmu ya yi gaggawa, shugaban kwamiti ya koma gida da koren hannu, har yau maganar ba ta mutu ba.

2. Fara da ba su tsoro

Tun daga ƙofa ka karɓe wayoyinsu, ka sa su cire agogo, ka riƙa magana ƙasa-ƙasa: "Ranka ya daɗe, a taka a hankali, waɗannan ko tari ba sa so." Mai iyali ba ya neman ilimi mai zurfi a kan roka.

3. Mai taurin kai

Ba a rasa ta a kowane kwamiti. Wata mai tabarau za ta ce, "Malam, a buɗe mana ɗaya mu gani." Kada ka musa. Miƙa mata guduma cikin ladabi, ka ja can baya, ka toshe kunnuwa, ka kama salati. Sauran ne za su riƙe ta: "Haba Hajiya, ai mun gani, mun gamsu!"

4. Karɓi yabo

Shugaban zai dafa kafaɗarka ya ce, "Wallahi da irinku ake alfahari. Tankokin abokan gaba na matsowa, yaranmu na can ba abin karewa. A loda kayan nan yau, kuma kai da kanka za ka kai musu, ka koya musu harbawa." Sara masa. Ka raka su har bakin mota.

A kula: ni dabarar sallamar kwamiti kawai nake koyarwa. Abin da za ka faɗa wa samarin nan in suka buɗe akwati cikin rami, suna murna, tanka na tunkaro ku, wannan tsakaninka da su ne. Ni ban san ka ba.