Kawu Vilmos da Karensa Mai Tumbi

Duk faɗin karkararmu ta gabashin Hungary babu wanda ya san kare kamar Kawu Vilmos, mai sayar da garin barkono. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa ya isa ya musa wa mai gashin baki irin nasa? Tun ranar da ya sayo agar, karen farautar nan namu mai dogayen ƙafafu da lafaffen ciki, muka naɗa shi Sarkin Karnuka. Bawan Allah ya ɗauki sarautar da gaske.

Burinsa ɗaya ne: kujerar shugaban ƙungiyar masu agar, wadda za a cike ranar tseren kaka.

Agar kuwa ba shi da wuyar sha'ani. A gida shiru-shiru ne, mai lafewa jikin uban gidansa, ba ya sakewa da baƙo. Haƙƙinsa kawai a sake shi kullum ya yi gudu mai nisa, a bar masa siririn jikinsa. Sarki ya shafa karensa Villam, ya ji haƙarƙari, ransa ya ɓaci.

"A gidana? Kare da ƙashi a waje? Ai sai a ce Vilmos ya karye! Kakannina manya ne, karensu ba ya gantali a gona kamar na makiyayi."

Aka hana Villam fita, aka shiga ɗura masa tsiran alade da kitsen dinya. Matar Sarki, Piroska, ta ce, "Maigida, wannan fa ya fara kama da ɗan maraƙi."

"Ƙarfi ne, ke dai, ƙarfi! Me kika sani a harkar kare?"

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar tsere ta zo, aka ja tsumma mai siffar zomo da igiya a fili, karnuka suka fita kamar kibiya. Villam ya ɗan sukwana, ya tsaya yana haki, ya ɗaga hanci. A gefen fili ana dafa nama a ƙatuwar tukunya. Can ya nufa, ya kwanta abinsa. Na yi dariya har da hawaye, ko da yake karen ya ba ni tausayi.

Sarki ya murza gashin baki. "Dabara ce! Kare mai asali ba ya bin tsumma."

Wani ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, kowa ya ci zomo ai ya ci gudu!"

Da aka zo zaɓe, Inna Etelka, shugabar da za ta sauka, ta miƙe. "Vilmos ɗana, tun ina yarinya nake kiwon agar, ban taɓa ganin wanda ya iya sa masa tumbi ba sai kai. Baiwa irin wannan ba a barinta ta tafi a banza."

Sarki ya gyara kwala, ya fara miƙewa don jawabin godiya.

Kujerar dai wani aka ba. Shi kuwa aka zaɓe shi, ba hamayya, mai dafa wa ƙungiya abinci. Aka miƙa masa ludayi bisa sharaɗi ɗaya: kada ya ƙara kusantar kwanon kare.