Yadda Za Ka Wanke Karenka Daga Zargin Kyanwar Maƙwabciya

In kana da kare, maƙwabciyarka kuma tana da kyanwa, to kwantar da hankalinka, ka zo wurin masu abin. Hanyar da zan koya maka ba ta taɓa ba ni kunya ba. Duk wanda ya bi ta daki-daki, na ba shi tabbacin zai fita fes, ba wanda zai ce masa uffan, ba kuma wanda zai tsaya a ƙofarsa yana ɗaga murya.

Don karatu ya zauna, bari mu ɗauka kai mai walda ne. Rabin ƙofofin layinku aikin hannunka ne. Kana da kare mai suna Janar a keji a bayan gida, sakatar kejin ta karye tun bara, ka ɗaure ƙofar da waya. Matarka nas ce, sai yamma take dawowa. 'Yarka kuwa, in ta taso daga makaranta, takan bi ta inda katanga ta rushe tsakaninku da maƙwabta, ta wuni wurin Goggo.

Goggo tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Daga ita sai wata farar kyanwa da take kira Gimbiya. Tare suke cin abinci, tare suke jin rediyo, ita take yi wa mita in gwiwa ta motsa. Ranar da kyanwar nan ta tafi, babu sauran mai amsa mata a gidan. Wannan ba damuwarka ba ce, na faɗa ne kawai don ka san fili.

Mataki na 1: Kada ka ga abin da kake gani

Duk sanda Gimbiya ta hau katanga, za ka ga Janar ya daina komai. Zai sandare, kunnuwa a miƙe, baki a rufe, ƙafa ɗaya a ɗage, ido ko ƙiftawa babu. Ka kira shi, ba zai ji ba. Ka miƙa masa ƙashi, ba zai kalla ba.

Masu magana sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Rabu da su, mutanen da ba su san karen zamani ba. Kai ka yi dariya ka ce, “Kallo kawai yake yi, akwai shi da son dabbobi.” In da baƙi a gidan, nuna musu shi su ga hazaƙa.

Mataki na 2: Ka tsare mutuncin waya

Matarka za ta yi maganar sakata. Za ta yi da safe tana ɗaura agogo, za ta yi da yamma tana cire takalmi. Za ta tuna maka cewa injin walda naka ne, ƙarfe naka ne, ba kuma hayar hannu za ka yi ba.

A nan za ka fito da babban makamin mai sana'a, wato gobe. Gobe ba ta tsatsa, ba ta cin wuta, ba ta ƙarewa a shago. Ka ce aikin mutane ya yi maka yawa. In ta matsa, je ka ƙara wa wayar murɗi ɗaya a gabanta, ka jijjiga ƙofar a hankali, ka ce ko zaki ba ya ɓalle wannan. A hankali fa na ce.

Mataki na 3: Ka nemo laifin kyanwa

Wata rana wayar za ta saki. Janar zai bi ta gurbin katanga kamar an harbo shi, ya kifar da bokitin wanki, Gimbiya ta sha da ƙyar a kan rufin kicin. Goggo za ta dogaro sandarta ta tsaya a bakin gurbin tana haki.

“Baban ƙawata,” za ta ce, don haka take kiranka saboda 'yarka, “don Allah a duba ƙofar karen nan. Ni ba ni da ƙafar raba su.”

Ka rusuna ka gaishe ta da kyau, ladabi ba ya cin kuɗi. Sannan ka yi mata bayani cikin natsuwa cewa kyanwar ce take tsokana. Wa ya aike ta kan katanga? Me ya sa take kaɗa wutsiya a gaban mai lafiya? Ka ƙara da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ka faɗe shi da sauri ka wuce, kafin wani ya tambayi bangon wa ake nufi.

Mataki na 4: Ka guji masu ilimi

Cikin masu kawo maka aiki ba za a rasa likitan dabbobi ba. In ka yi kuskuren ba shi labari, zai ɓata maka yini. Zai ce bin abin da ke gudu a jinin kare yake, ba mugunta ba ce, kuma duka ba ya cire shi. Zai ce ka riƙa fita da shi da sarƙa yana motsa jiki, ka koya masa dawowa in an kira shi, ka ba shi ɗan nama duk sanda ya ga kyanwa ya juyo ya kalle ka. Zai ce kafin duk wannan, ƙofa mai rufuwa.

Daga cikin dogon jawabin nan ka tsinci abu ɗaya: a jininsa yake. Wannan shi ne rabonka. Sauran ka bar masa kayansa, dama aikin taga ya kawo, ba wa'azi ba.

Mataki na 5: In abin ya faru

Zai faru da rana tsaka, kana shago. 'Yarka ce za ta zo da gudu ba takalmi, ta kama jan rigarka. Kafin ka isa an gama. Za ka tarar da Janar ya koma kejinsa da kansa yana lasar baki, yana kaɗa maka wutsiya, wayar tana lilo a jikin ƙofa. Ta gurbin katanga za ka hango Goggo zaune a ƙasa, ta rufe wani abu da tsohon ɗankwalinta.

Kada ka rikice. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ka hau kare da faɗa yadda duk layi zai ji, ka tambayi wanda ya taɓa wayar, ka tambayi dalilin da ya sa ba a kira ka da wuri ba.

Mataki na 6: Ka shirya wa rigima

Ka tanadi hujjojinka tsaf: jini, katanga, wutsiya, ƙaddara. Ka tanadi tayin sabuwar kyanwa, har ma wadda ta fi waccan fari. Matarka za ta ajiye maka abinci ta koma ɗaki. Wannan nasara ce, maganar sakata ta mutu.

Sai dai Goggo ba za ta zo da rigima ba. Tsofaffi ba su da tsari. Za ta bari a kwana biyu, rediyonta a kashe, sannan ta zagayo ta titi har shagonka, abin da ba ta taɓa yi ba. Za ta gaishe ka, ta tambayi aiki. Maganar sabuwar kyanwa kuwa, za ta ce ta gode, ta tsufa da sabon sabo.

“Aiki na kawo maka,” za ta ce. “Ƙofa nake so a gurbin nan. Ƙawata in za ta zo, ta ƙwanƙwasa, zan buɗe mata. Sakatar ta zama ta ɓangarena. Ka yi mini mai kyau, irin wadda kake yi wa mutane.”

Ka lura, ba ta zarge ka ba, ba ta ambaci Janar ba. Abin da na yi maka alkawari ke nan.

Mataki na 7: Ka nuna gwaninta

Aikin maƙwabta ba a jan sa. Ka kawo inji, ka auna, ka yanka, ka haɗa. Sakatar ita ce ƙarshe, kuma ita ce mafi sauƙi: ɗan guntun ƙarfe, ɗigon wuta nan da can, shi ke nan. Ka ja ta, ka tura ta, ka ji yadda take shiga ƙarau.

'Yarka za ta tsaya daga nesa, ta juya baya saboda hasken wuta kamar yadda ka koya mata. Da inji ya yi shiru za ta juyo, ta dubi sakatar, ta waiwaya ta dubi kejin Janar, sannan ta dube ka.

“Baba, har ka gama?”

Ka ce eh.

“Dama ba ta da wuya?”

Wannan tambaya ba ta cikin manhajarmu. Shawarata ita ce ka sauke gilashin walda a fuskarka, ka yi kamar akwai sauran aiki.

A kula

Mai wannan darasi alkawarin wanke kare ya yi, kuma ya cika. Babu ruwansa da gidan da rediyo ya daina magana, ko matar da ta daina tunin sakata, ko yarinyar da ta daina kai wa kare ragowar abincinta. Ba shi ya karya sakata ba, ba shi ya murɗa waya ba. In ka ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe a bayan gidanka bayan an tashi makaranta, ana jiran tsohuwa ta lallaɓo ta buɗe, kada ka neme ni. Ƙofar dai ta yi kyau, kowa ya gani ya san hannunka ne.