Rasuwar Gorda, da Tarta Ɗanya a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da fulawa ba ta fita daga farcensu ba, Evaristo Ledesma na unguwar Tablada a birnin Rosario yake sanar da rasuwar tandar gas ta gidansu, wadda kowa ya sani da Gorda. Ta cika da safiyar Asabar, ba ta yi sallama da kowa ba.

Marigayiyar ta shigo gidan tare da kayan auren kakarsa, Doña Herminia. Mai haƙuri ce, amma tana da sharuɗɗa. Ba ta kamawa sai an nannaɗe jarida an cinna mata, ƙofarta ba ta rufuwa sai an tokare da sandar tsintsiya. In ta ce "fuuum", gida ya yi albarka. In ta fara "tik, tik", tarta, gasasshen abincin nan mai ɓawon fulawa, ta nuna: dankalin turawa ya yi laushi, naman alade ya saki ƙamshi, ƙwai da cuku sun kumbura, tumatir ya yanƙwane a sama kamar leɓen da ya sha kuka.

Ba namijin gidan Ledesma da ya taɓa neman aure ba tare da wannan tarta a kan tebur ba. Baba da 'yan'uwansa maza duk ta hannun Gorda suka samu shiga. Yanzu layi ya zo kan Evaristo. Itatí, 'yar gidan da ke kallon nasu, wadda ya ɓata ƙuruciyarsa yana leƙenta ta taga, za ta hau motar zuwa garin Mendoza gobe da yamma, ta samu aiki a can. Ya gayyace ta abincin ranar Lahadi don ya roƙe ta ta zauna.

So ne ya jawo ajalin. Kunyar baƙuwa ta gan ta da datti ta sa ya durƙusa da soson ƙarfe, ya kankare maiƙon da ya daɗe a jikinta, har ta yi ƙyalli. Ya saka tarta don gwaji, ya cinna jarida. Gorda ta yi tari sau ɗaya, ƙasanta ya zube.

"Kai, ɗan nema!" in ji kaka. "Maiƙon nan shi ke riƙe da ita! Ni ma ka zo ka kankare ni mana!"

"Kaka, ba a iya ɗinke ta da waya?"

"Ɗinke kanka tukuna."

Ta rasu ta bar sandar tsintsiya, yanzu ba aikin yi. Farantin gashi mai lanƙwasa. Tsohuwa ɗaya mai fushi. Da saurayin da ya bi gida-gida yana roƙon aron wuta. Kowace tanda a layin an riga an yi mata alkawarin naman Lahadi. Saura guda ɗaya, kuma a kicin ɗin uwar Itatí take.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi, idan motar mai sayen tsofaffin ƙarafa ta biyo da lasifikarta. Ba a buƙatar furanni. Evaristo zai bi bayan motar a ƙafa, riƙe da tarta ɗanya a hannu biyu, ya tsaya a ƙofar da ke tsallake, ya ƙwanƙwasa da gwiwar hannu. In Itatí ta buɗe, a can za a karɓi gaisuwa. In ba ta buɗe ba, ana roƙon mai mota ya ɗan jira, akwai sauran gawa, ta Evaristo.