Yadda Na Bi Tsari Har Shanun Yaya Suka Tafi

Shekarar da fari ya karya jarin wana, mai fataucin hatsi a Kanambakashe, alƙalin Tasawa ya yanke a sayar da shanunsa biyu da amalanke a sallami masu bin sa. Amma ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, muddin wa'adi bai wuce ba.

Ni kaɗai na taɓa zaman lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, don haka na karɓi aikin.

"Ka wuce kotu gobe," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, mulkin soja ake yi, ba a tsallake babba. Da farko mai gari, na biyu sarki, na uku kumandan, sannan alƙali."

Mai gari ya tafi ta'aziyya garin Isawan, na jira shi. Sarki yana rabon hatsin agaji, na jira shi, har na taya shi tsara layi. Kumandan kuwa yana rangadi. Da ya dawo ya saurare ni tsaf, ya ce, "To, ni mene ne nawa a ciki?"

Na isa kotu da babbar riga da gaisuwar manya uku. Akawu ya ce wa'adi ya cika tun kasuwar da ta wuce. Ina fitowa na yi kiciɓis da shanun, wani baƙo yana jan su. Ɗayan har ya waiwayo ya dube ni.

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Har yau in an ajiye tuwo na miƙa hannu, sai ya riƙe ni.

"Dakata, Malam Bi-da-bi. Mai gari ya sani?"