Rasuwar Goggo, Kwamfutar Maman Ɗigo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan jin kunya a gefe, Maman Ɗigo na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda duk gidan ke kira Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, tana da shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar sati uku.

Marigayiyar ta shigo gidan da tsufanta, gwanjo daga wani ofis da ya ce ta gama amfani. Ƙanin maigida ya sa mata babbar manhaja ta kyauta, irin wadda 'yan sa-kai ke rubutawa bayan sun tashi daga nasu aikin, sai ga Goggo ta miƙe kamar an yi mata ƙarin jini. Ba ta taɓa kwaso cuta daga filashin kowa ba. A kanta Maman Ɗigo ke buga wa ɗalibai takardu da hannu ɗaya, ɗayan na jijjiga jaririya. Maɓalli biyu sun fita, ba ta yi ƙorafi ba.

A cikinta kuma, ita kaɗai a duniya, akwai bidiyon minti ɗaya na ranar da Ɗigo ta fara tafiya. Duk wanda ya san yarinyar nan bakwaini ce, sai da aka shekara biyu da rabi ana zaryar asibiti kafin ta ɗaga ƙafa, ya san abin da minti ɗayan nan yake a wajen uwarta. Wayar da aka ɗauka da ita tuni ta nitse a bokitin wanki.

Ciwon ya fara da nishi, fuuu, fuuu, sannan suma ana tsakiyar aiki. Maman Ɗigo ta kai kuka dandalin 'yan sa-kan a intanet, kuma tana gode musu har zuciyarta. Bayan kwana huɗu wani ya ba da magani. Wani ya ce maganin nan tsohon yayi ne. Suka yi saƙo talatin suna gardama, babu wanda ya sake tambayar mai jiki. Wani bawan Allah ya yi alkawarin dubawa ranar Asabar, sai matarsa ta haihu. Maman Ɗigo ba ta ga laifinsa ba, har ta rubuta masa yadda ake sa jariri gyatsa.

Sannan ta ji labarin wani kamfani da ke duba masu irin wannan manhaja idan an biya, har yana yaga wa 'yan sa-kan wani abu. Baban Ɗigo ya ce bai taɓa jin inda aka biya kuɗin kyauta ba. Ta tuna masa cewa nas ɗin maƙwabta ma tana ba su shawara kyauta ta kan katanga, amma ranar da zazzaɓi ya yi zafi wajen wadda ke bakin aiki suka ruga. Aka biya na wata ɗaya.

Kafin awa ta cika injiniyar kamfanin ta kira ta bidiyo, ta ce a nuna mata mara lafiyar. Tana ganinta, cikin ladabi ta tambayi mene ne wancan da aka naɗe ta da shi.

A nan iyalan ke son faɗin gaskiya. Shekara uku ke nan Maman Ɗigo na naɗe Goggo da tsohon bargon jarirai, ta ɗora ta kan matashi, allo da maɓallai kawai a waje, don ita duk abin da take so rufe shi take yi. Shekara uku marigayiyar na shaƙar ulu, ba ta faɗa wa kowa ba.

Injiniyar ta ce zafi ya riga ya dafa ta, amma wataƙila da sauran farkawa ɗaya. Aka kware bargo, aka ɗora ta kan kofuna biyu, Baban Ɗigo ya durƙusa riƙe da fanka. Injiniya na karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya, Maman Ɗigo na danna guraben maɓallan nan da kan cokali. Goggo ta ce ɗin. Ta ce ƙyat, ƙyat, ƙyat. Ta miƙa bidiyon cikin filashi, ta ƙara fuuu ɗaya siririya, shi ke nan.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif uku, da jaka mara zif, da gardamar dandali wadda har yau ba a sanar da masu ita rasuwar ba. Ta kuma bar kwana ashirin da tara na biyan kamfani, waɗanda Baban Ɗigo ke cinyewa da tambayoyi kan rimot ɗin talabijin.

Ranar Asabar za a kai ta shagon mai gyara, wanda zai raba sassanta ga mabuƙata. Zaman gaisuwa a falo ne, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, saboda barcin Ɗigo. Kada a kawo komai sai filashi, domin babu mai fita sai da kwafinsa na bidiyon Ɗigo, kuma sai ya zauna ya kalla tukuna. Taku shida ne, a na bakwai ta zauna daɓas tana dariya. A taho da hankici.