Yadda Tsohon Likitan Ƙwaƙwalwa Zai Gagari Ritaya

Kai tsohon likitan ƙwaƙwalwa da aka dama da zancen hutu, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai dai asibitin ya yi ritaya ya bar ka. Dakta Halliru na Kazaure ya jarraba su, sun kuwa yi masa aiki.

1. Kada ka amsa tambaya

In shugaban asibiti ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a huta?" kafa masa ido ka ce, "Me ya sa hutuna ya tsaya maka a rai? Yaya kuke da mahaifinka?" Da Dakta ya yi haka, shugaban da hawaye ya fita, yana ta godiya.

2. Ci walimar bankwana

Ci kaza, karɓi dardumar da butar da aka ba ka. Ran Litinin da sassafe ka dawo aiki. Duk wanda ya ce ai an yi maka walima, tambaye shi a hankali tun yaushe ya fara ganin irin waɗannan abubuwa.

3. Kashe gona tun ba ta kashe ka ba

'Ya'yan Dakta sun kai shi gonarsa ta Roni, wai ya sha iska. Ya saurari shanun huɗa da kyau, ya gano aiki ya yi musu yawa, ya ba su hutu ana tsakiyar damina. Ranar 'ya'yan suka mayar da shi asibiti a kan acaɓa.

4. Guji gida

Nan haɗarin yake. A asibiti kai ke tambaya, a gida kai ake tambaya. Dakta kam tsoro yake ji, don bai san ko shi wane ne ba in ya tuɓe farar riga. Ran nan a asibiti ya ce a shigo da na gaba, sai ga matarsa Hajja Kaka da katin asibiti a hannu.

"Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. An ce a nan kake sauraron mutane. Tun muna da baƙin gashi nake jiran layi ya zo kaina."

Ya tuɓe farar rigar, ya rataye ta.

Gargaɗi: Ba ruwana da geron da ya lalace, ko shugaban da ya koma ganin likita. In kuwa taka Hajiyar ta yanki kati, babu mataki na biyar. Ɗauki butarka ka bi ta gida.